Wankin Kuza

Saude, kin kawo mini takardunki a cikin leda,
ruwan Jos ya riga ni karanta shafi na tara.
Zauna nan kan benci, shayin bai huce ba.
Na duba. Ba zan ce ya yi ba,
ba kuma zan ce bai yi ba.
Bari dai in ba ki labarin kakata.

Iya Lantana ta yi shekara talatin
tsaye a kududdufin Bukuru, ruwa iya gwiwa,
ƙwarya a hannu, tana juya yashi.
Ta ɗebo, ta girgiza, ta zubar.
Ta ɗebo, ta girgiza, ta zubar.
Daga hantsi har la'asar sakaliya
abin da ke kwanta a gindin ƙwarya
ba ya cika gwangwanin madara,
baƙi wuluk, mai nauyi, shi ne kuzar.
Na ce, Iya, ba ki jin zafin abin da kike zubarwa?
Ta harare ni, ta ce,
wa ka taɓa gani ya kai yashi gaban sikeli?

Shafinki arba'in ne. Kuzarki tana na sha ɗaya,
inda tsohuwar nan mai tumatir a Farin Gada
ta ƙi karɓar kuɗin yaron,
ta kau da kai don kada ya ga idonta.
Wannan naki ne, ba aro ba.
Amma hawaye kamar teku?
Ina kika ga teku, 'yar Unguwar Rogo?
Ga dutse nan bayan gidanku
ɗauke da ɗan'uwansa a ka tun kafin a san mu,
bai taɓa cewa wash ba.
Shi ba ki gan shi ba?

Ni shekara ashirin da biyu na yi a maɗaba'ar Dilimi
ina buga katin biki da rasit ɗin wasu.
Nawa littafin, ɗari uku na buga,
arba'in da ɗaya suka fita,
sauran gara ta karance su tas a ƙarƙashin gado.
Don haka kada ki saki aikin kemis ɗin nan.
Alƙalami yakan ciyar da suna,
tukunya kuwa sai an sa mata wuta.

Amma cikin arba'in da ɗayan,
wani direban Bauchi ya tare ni a Taminus,
ya karanto mini layi biyu da ka, ya wuce abinsa.
Har yau da wannan nake ɗumi in sanyi ya sauko.

Ki tashi bayan asuba, kafin gari ya soma surutu,
ko yatsu sun ƙage, ki hura musu baki.
Akwai ranar da ƙwarya za ta fito wayam.
Ki koma gobe. Iya ma komawa take yi.
Abin da kika rubuta, karanta shi da ƙarfi a ɗaka:
inda harshe ya yi tuntuɓe, akwai ƙarya a wurin.
Kada ki kai wa mai ƙaunarki ya duba,
zai ce madalla tun bai buɗe ba.
In kin shiga keke, ajiye waya, buɗe kunne,
mutanen garin nan suna zubar da zance kyauta.

Ungo jan biro. Ni ba zan yanke miki ba,
hannun da ya ɗebo shi ke zubarwa.
Ruwa ya ɗauke, tashi kada dare ya yi miki.
Ranar Laraba ki dawo da shafi na sha ɗaya
da duk abin da ya haifa.
Kuɗin shayin, bar shi, na biya.